Hoto Ya Yi Kyau, To Wa Zai Kai Shi Idon Duniya?

A shekarar 2007 aka yi gwanjon wasu akwatuna a birnin Shikago na ƙasar Amurka. Kayan wata tsohuwa ne da ta kasa biyan kuɗin hayar ɗakin ajiya, sai aka fitar da su kasuwa don masu wurin su fanshe kuɗinsu. Cikin waɗanda suka taya akwai wani saurayi dillalin gidaje mai suna John Maloof, wanda a lokacin yake neman tsofaffin hotuna saboda littafin tarihin unguwarsu, Portage Park, da suke rubutawa shi da wani. Ya sayi akwati guda a kan kuɗin da bai cika dala 400 ba. Fim ɗin hoto ne maƙil a ciki, irin wanda ake wanko hoto daga jikinsa, kimanin guda 30,000. Ya duba bai ga abin da zai shiga littafinsa ba, ya ture akwatin gefe.

Mai kayan sunanta Vivian Maier. An haife ta a Niyok a 1926, ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a wani ƙauye cikin tsaunukan Faransa, ƙasar mahaifiyarta, ta koma Shikago da zama a 1956. Rainon 'ya'yan masu hali ne abin da ta ci abinci da shi kusan shekara 40. Hoto kuwa sha'awa ce kawai. Ba ta taɓa buɗe shago ba, ba ta yi wa wata jarida aiki ba, kuma ko iyalan da ta zauna a gidajensu, waɗanda kullum suke ganinta da kyamara a wuya, ba su san yawan abin da ta tara ba, balle kyansa. Da aka zo ƙiyasi bayan rasuwarta, sai aka tarar ta ɗauki hoto sama da 100,000, har da ɗaruruwan ƙunshin fim da ko wanke su ba ta yi ba. Ke nan akwai hotuna masu yawa da ita kanta ba ta taɓa gani ba, in ban da ganin da ta yi musu lokacin da take danna kyamara.

Kyamarar tata ma abin dubawa ce. Rolleiflex ce, ta saye ta a 1952, irin wadda ake ratayawa ta sauko wajen ciki. Mai ɗauka ba ya ɗaga ta zuwa ido, sunkuyar da kai yake yi ya leƙa gilashin da ke samanta. Saboda haka wanda ake ɗauka ba ya ganin an saita shi, abin da yake gani kawai wata doguwar mata ce sanye da hula da babbar kwat, kanta a ƙasa kamar mai neman abu a jaka. Da haka ta riƙa matsawa dab da mutane. Ga attajira cikin kwat mai gashi ta juyo tana harara, ga yaro fuska duk datti hawaye na bin kuncinsa, ga mashayi 'yan sanda na jan sa, ga ma'aikaci barci ya kwashe shi a benci. Ƙunshin fim guda hoto 12 kawai yake ɗauka, don haka ba a danna ta barkatai, sai an tabbata. Wani lokaci takan ɗauki kanta a madubin shago ko ta ɗauki inuwarta a ƙasa.

Hotuna ɗaya, sakamako biyu

Abin da ya sa na ɗauko labarin wannan mata shi ne abin da ya faru tsakanin 2008 da 2009. Ba Maloof kaɗai ya sayi kayanta a gwanjon ba. Wani mai tara tsofaffin hotuna, Ron Slattery, shi ma ya samu nasa kason, kuma shi ya fara sa wasu a intanet a 2008. Ba su yi wani tasiri ba. 'Yan tsiraru suka gani, aka wuce.

A watan Oktoban 2009 Maloof ya gwada tasa hanyar. Kafin nan ya ɓata lokaci yana juyar da fim ɗin zuwa kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, yana tankaɗe da rairaya, yana kuma bin gwanjo da sauran masu saye yana tattaro ragowar kayan. Sannan ya nufi wani rukuni a dandalin Flickr inda gwanayen hoton titi suke haɗuwa, mutanen da suka san aikin, suka san tarihinsa, suke iya bambance hoton da aka yi sa'a da hoton da aka ƙware. Bai je musu da tallar kaya ba. Tambaya ya yi, cewa ga abin da ya faɗo hannunsa, me ya kamata ya yi da shi. Amsoshi suka yi ta zuwa daga ƙasashe daban-daban, waɗanda suka gani suka kai wa na gaba. A Janairun 2011 aka baje hotunan a Cibiyar Al'adu ta Shikago, a shekarar kuma littafin farko ya fito. Jama'a suka yi karo-karo ta intanet har sama da dala 100,000 aka shirya fim a kanta, Finding Vivian Maier, wanda ya fito a 2013 ya kuma shiga sahun masu takarar kyautar Oscar a 2015. A 2021 gidan tarihi na Luxembourg da ke Faris ya yi mata babban baje koli.

Hannu ɗaya ne ya ɗauki hotunan da Slattery ya nuna da waɗanda Maloof ya nuna. Bambancin yana wajen wanda aka nuna wa, da yadda aka zaɓa, da abin da aka faɗa game da su. Masu ɗaukar hoto na sha'awa da yawa suna zaton in aiki ya yi kyau shi zai tallata kansa. A ganina wannan zato shi ya binne aikin mutane da dama. Kyau yana sa wanda ya gani ya tsaya, amma ba ya kawo mai gani. Sai an samu wanda ya zauna ya fitar da 20 daga cikin 2,000, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ya kuma iya faɗin abin da ke cikin hoton a jimla biyu. Shi kansa Maloof ba kowace ƙofa ce ta buɗe masa ba, domin a fim ɗin ya ba da labarin yadda manyan gidajen tarihi suka ƙi karɓar aikin da farko. Ta wajen jama'a ya biyo, manyan suka biyo baya.

Dole kuma a faɗi gaskiya: labarin ya taimaka ƙwarai. Mai raino, matalauciya, mai ɓoye kanta, ga baiwa. Irin labarin da jarida ke so ke nan. Da a ce wani malamin jami'a ne ya ɗauki hotunan, da wuya su yi irin wannan gudu. Ban ga laifin amfani da labari ba muddin gaskiya ne, amma akwai lokacin da labarin yake danne aikin, mutane su san ta yi raino su kasa tuna hotonta ko ɗaya.

Ita fa mai aikin?

Duk wannan shagali Vivian Maier ba ta ga ko ɗaya ba. A ƙarshen 2008 ta zame a kan ƙanƙara ta bugi kanta, ba ta ƙara samun lafiya ba har ta rasu ranar 21 ga Afrilun 2009 tana da shekara 83. A shekarunta na ƙarshe, wasu daga cikin yaran da ta rena ne suke biya mata kuɗin haya. Maloof ya tsinci sunanta a jikin ambulan ɗin wani gidan wanke hoto, da ya bincika a intanet sai ya ci karo da sanarwar rasuwarta, 'yan kwanaki da faruwar abin. A gari ɗaya suke, tana raye lokacin da ya sayi akwatin.

Ba wanda ya tambaye ta ko tana so a nuna, ko wanne take so a nuna, ko yaya take so a wanke shi. Wasu ne suka zaɓa mata, suka wanke da girman da suka ga dama, ana sayarwa da tsada a Niyok. A 2014 rigimar haƙƙin mallaka ta taso, domin a doka mallakar fim daban, mallakar haƙƙin bugawa da sayarwa daban. Tun da ba ta bar wasiyya ko 'ya'ya ba, sai aka shiga neman magada har Faransa, hukumar gundumar Cook, inda Shikago take, ta karɓi kula da gadon, sai a 2016 aka daidaita da Maloof. Ba na cikin masu cewa da an bar hotunan a akwati, domin da an yi haka da bola suka nufa, kuma wahalar da Maloof ya sha ta gaske ce. Amma duk wanda ya karanta labarin nan sai karin maganar nan ta faɗo masa, ta kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi.

Mu a Afirka ta Yamma mun ga irin wannan da idonmu. Seydou Keïta na Bamako da sha'awa ya fara, bayan kawunsa ya kawo masa ƙaramar kyamarar Kodak a 1935. A 1948 ya buɗe shagonsa, mutanen Bamako suka riƙa zuwa cikin kwalliya ana ɗaukar su kusa da rediyo ko babur ko mota. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a wani baje koli a Niyok mai suna Africa Explores, a ƙarƙashinsu kuma aka rubuta cewa ba a san wanda ya ɗauka ba, alhali mutumin yana nan da ransa a garinsu. Wani attajiri mai tara kayan fasahar Afirka, Jean Pigozzi, ya ga hotunan ya tura wakilinsa André Magnin Bamako, kuma Malick Sidibé, wani gwanin hoton, shi ya gane hannun ya nuna gidan. Magnin ya tafi Faris da fim 921. A 1994 aka yi wa Keïta baje koli a Fondation Cartier, sunansa ya zaga duniya, hotunan da a da ake wanke su ƙanana kamar katin gaisuwa suka koma manya ana rataye su a bango. Ya ga ɗaukaka da ransa, ya kuma samu kuɗi. Amma kafin ya rasu a 2001 dangantaka ta yi tsami, ya nemi a mayar masa da fim ɗinsa, rigimar ta ci gaba bayan ransa har ta kai kotu. Abin da ya fita daga hannun mai shi ba tare da takarda ba, dawowarsa sai an sha wuya.

Wadda ta kai kayanta da kanta

Akwai wata hanyar, kuma ba sai mun je nesa ba. Fati Abubakar 'yar Maiduguri ce. Aikin jinya ta karanta a Jami'ar Maiduguri, ta je Landan ta yi digiri na biyu a fannin kiwon lafiyar al'umma. Ba makarantar hoto ce ta fito da ita ba. A 2015 ta buɗe shafi a Instagram mai suna Bits of Borno, a lokacin da duk hoton da duniya ke gani daga Borno bai wuce na gawa da baraguzai da motar soja ba. Ita sai ta riƙa ɗaukar 'yan makaranta, da 'yan kasuwa, da masu kwalliyar sallah, da 'yan gudun hijira a matsayin mutane masu suna da sana'a da abin faɗa, ta haɗa kowane hoto da ɗan bayani daga bakin mai shi. Ba a jima ba manyan kafafe irin su New York Times da BBC da CNN suka ba da labarin aikinta.

Abin da na fi so matasanmu su lura da shi a nan shi ne ta tsaya a kan abu guda. Ba ta haɗa hoton faɗuwar rana da na kyanwa da na biki da na abinci a wuri ɗaya ba. Wanda ya buɗe shafin ya san me zai tarar, edita a Landan ko Niyok da ke neman wanda ya san Maiduguri ya san wa zai nema. Ga shi kuma tana da abin da baƙon ɗan jarida ba shi da shi: harshen mutanen, da sanin gaisuwarsu, da damar komawa gobe da jibi. Shafin Everyday Africa da Peter DiCampo da Austin Merrill suka fara a 2012 ma a kan irin wannan tunani ya tsaya, wato rayuwar yau da kullum, kuma da wayar hannu aka fara ɗaukar hotunansa. Saboda haka rashin babbar kyamara ba hujja ba ce.

A gida

Yanzu a duba abin da ke faruwa lokacin hawan sallah a Kano. Saurayi ya fito tun da hantsi ranar hawan daushe, ya kutsa cikin turereniya ya samu wuri kusa da Ƙofar Kudu, ya sha rana da ƙura, dogarai na kora yana komawa. Can da la'asar sa'a ta zo: doki ya miƙe da ƙafa biyu, mahayin ya ɗaga mashi yana jinjina, amawali ya sauko, hasken yamma ya bugi kayan dokin. Ya ɗauka. Da daddare ya sa a WhatsApp. Abokinsa ya kwafa ya tura rukunin 'yan ajinsu, daga can wani mai shafi a Facebook ya yanke gefen da sunan yake ya manna tambarinsa, kwana biyu sai ga hoton a saman wani labari an rubuta cewa daga intanet aka samo. Kafin shekara ta zagayo yana jikin kalanda ko fostar ɗan takara. Dubban mutane sun ga hoton, ba wanda ya san mai shi. In aka ce hoton bai yaɗu ba an yi ƙarya, amma mai ɗaukar yana nan inda yake, ko kuɗin data bai mayar ba.

Ga shi kuwa kayan da muke da su duniya na nema. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada. Ga marinar Ƙofar Mata, ga kamun kifin Argungu, ga kokawar takobi a Nijar, ga dambe, ga ginin gargajiya na Zariya da Damagaram da Agadas. Sau da yawa in ka ga hoton waɗannan a mujallar waje, sunan baƙo ne a ƙasansa, wanda ya zo ya yi 'yan kwanaki ya tafi. Ba don ya fi ɗan gida ido ba ne, don ya san inda ake kai kaya ne.

Aikin yana farawa tun kafin hoto ya fita daga waya. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa inganci, kuma yawancin dandalin sada zumunta suna goge bayanan da kyamara ke rubutawa a cikinsa. Don haka a ajiye na asali a wuri biyu, a riƙa fitar da ƙarami mai ɗauke da suna. Ranar da gardama ta taso, wanda ke riƙe da na asali shi ke da hujja. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a 2023, ta san hoto a matsayin aikin da ake karewa, ba ta kuma ce sai mai shago ko mai takardar shaida ba. Wanda ya zo neman hoto, ko jarida ce ko ƙungiyar agaji ko kamfani, a rubuta abin da aka yarda da shi ko da a saƙon waya ne: wane hoto, don wane aiki, na tsawon wane lokaci, nawa za a biya. Wanda ya ce zai biya ka da tallata sunanka, ka tambaye shi ko haka yake biyan mai buga masa takarda.

Zaɓe shi ne ya fi wuya, kuma mai hoto ba ya iya yi shi kaɗai, domin yana tuna wahalar da ya sha a kan kowanne. A nan ake buƙatar wanda ya fi ka sani kuma ba ya jin kunyarka. Yabon 'yan uwa da abokai yana da daɗi, amma ba ya gyara aiki. Hoto 15 a kan mata masu sana'ar ƙuli-ƙuli a unguwa guda, kowanne da wuri da rana da bayani cikin Hausa da Turanci ko Faransanci, sun fi 500 da aka zuba ba tsari. Da irin wannan ƙunshi ake tunkarar editan hoto, da shi ake neman shiga bikin hotuna na Bamako da aka fara a 1994, ko LagosPhoto da Addis Foto Fest waɗanda aka fara a 2010.

Gasa ma hanya ce, amma a karanta sharuɗɗa kafin a tura. Gasar Sony ta duniya tana da rukunin da kowa ke iya shiga kyauta. Wiki Loves Africa, wadda aka fara a 2014, tana kai hoto rumbun Wikimedia, inda zai iya shiga maƙalar da mutane da yawa za su karanta da sunan mai shi a jiki. Sai dai lasisin can yana ba kowa damar amfani da hoton, har a kasuwanci, muddin ya ambaci mai shi. Wanda ya san haka ya bayar, ya yi sadaka mai kyau ga al'adunsa. Wanda ke shirin sayar da hoton nan gaba, ya zaɓi wani ya bayar. Gasar da ke neman kuɗin shiga mai yawa sannan ta ce duk hoton da aka turo ya zama nata, a guje ta.

Akwai kuma haƙƙin wanda ke cikin hoton, kuma a wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matar aure a ƙofar gida, almajiri da kwanonsa, mara lafiya, wanda rikici ya raba da garinsu, duk suna da mutuncin da ya fi kowace kyauta. A yi sallama, a gaisa, a faɗi inda hoton zai je, in yaro ne a nemi iyayensa ko malaminsa. In an ce a'a, a mayar da waya aljihu. Hoton da zai burge mutanen Faris ya jawo wa wata baiwar Allah magana a gidan mijinta bai cancanci fita ba, komai kyansa.

Sannan kada a raina masu kallo na gida. A wanke hoto 20 a manna a kwali, a nemi izini a baje su a zauren makaranta ko ɗakin karatu ko ƙofar gidan mai unguwa, a gayyaci waɗanda aka ɗauka su zo su ga kansu. Gidajen tarihi irin su Gidan Makama a Kano da Gidan Arewa a Kaduna, da sassan koyar da aikin jarida da zane a jami'o'inmu, ya kamata su ware bango da lokaci domin irin waɗannan matasa, su kuma fara tattara fim ɗin tsofaffin masu shagon hoto na garuruwanmu tun kafin gara da damina su gama da shi, da yarjejeniya a rubuce tsakaninsu da iyalan masu shi.

Editocinmu na jaridu da masu manyan shafuka, ku daina rubuta cewa hoto daga intanet yake. Intanet ba ta ɗaukar hoto, mutum ne ya tsaya a rana ya ɗauka. Ku neme shi, ku rubuta sunansa, ku biya shi ko kaɗan ne. Kai kuma mai karatu, in hoto ya burge ka har za ka tura wa wani, ka tura shi da sunan mai shi, in babu sunan ka tambayi wanda ya turo maka.